Daɓena Rufin Wani Ne

Wanda ya tashi a gidan ƙasa ba ya sanin tafiya ma tana da ƙara sai ya koma bene. Da muka kama haya a hawan sama a Kano, mai gida ya ce daɓen siminti ne tsurarsa, in shimfiɗa abin da raina ke so, a cire daga kuɗin haya.

Na nufi kasuwar Ƙofar Ruwa. Mai shago ya jero min tayil mai santimita 60 kowane gefe, sai ƙyalli yake. Ya ce, "Yallaɓai, wannan in ka kwanta a kai a watan Afrilu, ko fanka ba ka nema." Na saya aka shimfiɗa. Gaskiya ya faɗa. Abin da ya rage bai faɗa ba shi ne tayil manne yake da kankare, shi kuwa kankare ba ya riƙe sirri.

A ƙasanmu akwai wani dattijo, tsohon malamin makaranta, kowa Baba yake ce masa. Ba mu yi nisa da tarewa ba ya hauro yana haki, ya yi sallama, ya ce, "Ɗana, dawaki kuke kiwo?" Ashe uwargida ce ta gwada takalmi mai tsini za ta biki. Daga nan duk motsinmu Baba na da labari: faɗuwar cokali, jan kujera, har tashina da asuba zuwa alwala. Ranar da aka yi sakwara kuwa, taɓarya na sauka agogon bangonsa ya faɗo. Ya kawo min shi a leda, bai ce uffan ba.

Wani abokina injiniya ya warware min zancen. Ƙara iri biyu ce. Akwai mai bin iska, kamar hira da rediyo, wadda kankare mai kaurin inci 6 ke tare mafi yawanta. Akwai ta bugu, wadda ke shiga cikin kankaren kansa ta bi ginshiƙai ta sauka. Maganinta kawai a sa abu mai taushi tsakanin ƙafa da daɓe.

Na fara da ledar ɗaki, ƙafar kujera ta yaga ta, ƙarar kuma tana nan daram. Sai na sayo kafet mai kauri, aka shimfiɗa soso a ƙarƙashinsa. Na yanka tsohon silifas na liƙa wa ƙafafun kujeru, turmi kuma aka sauke shi tsakar gida, uwargida na ta mita. Gida ya yi tsit. Da hunturu ya kama, kafet ya sha ƙura ya ƙoshi, yara suka ƙara masa da koko. Ina atishawa sai in ji daga tagar ƙasa, "Yarhamukallahu!"

Ana nan sai ga Baba ya sake haurowa, fuska a murtuke. Gabana ya faɗi, na ce, "Baba, lafiya? Wallahi ko tari ba mu yi ba."

Ya ce, "Ai matsalar ke nan, ɗana. Tun da ka shimfiɗa abin nan nake makara sallar asuba, don da takunka nake tashi. Ko dai ka yaye gefe ɗaya, ko ka gyara min agogona."