Yadda Na Kare Mutuncin Kabawa a Bakin Tekun Ada

Sanannen abu ne cewa idan mutum ya ce shi Bakabe ne, balle kuma ya ƙara da cewa a Argungu aka yanke masa cibi, jama'a ba sa neman wata hujja kafin su yanke hukuncin cewa ya san ruwa, ya san kifi, har kada ma kan kauce masa idan sun haɗu a mashaya. Wannan kyakkyawan zato kuwa ya ƙarfafa ne saboda bikin su na Matan Fada, wanda ya shahara tun shekarar 1934 da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin, inda dubban mutane kan ruga cikin ruwa da homa da gora da zarar an ba da izini. Ni Bakabe ne gaba da baya, sai dai Allah cikin hikimarsa ya karkatar da ni ga allo da tawada tun ina yaro, har ya zamana iyakar hulɗata da bikin nan ita ce zama cikin rumfa ina gyaɗa kai idan an ɗora giwan ruwa a sikeli. Ban taɓa ƙaryata masu zaton nan ba, domin malamanmu sun hore mu da kada mu ɓata wa Musulmi kyakkyawan zatonsa.

Ina da wani taubashi, ɗan kawuna, mai sayar da atamfa a unguwar Nima cikin birnin Ankara na ƙasar Gana, wanda ya gayyace ni hutun makaranta. Kafin in sauka daga mota kuwa ya riga ya shelanta wa zango kaf cewa Sarkin Ruwa na tafe, kuma ya shirya mana tafiya Ada domin, in ji shi, mutanen gaɓa su ga yadda ake su na ainihi.

Ada tana gabas da Ankara, tafiyar da ta ɗara kilomita 100 kaɗan, ana bin hanyar Aflawo har a karkata dama a mararrabar Kase, kuma a nan ne kogin Bolta yake ƙare doguwar tafiyarsa ya zuba cikin Tekun Atilantika. Wuri ne da mai son su zai yi wa Allah godiya, gama a hannunsa ɗaya ga ruwan daɗi kwance lumui, da tsibirai da itatuwan kwakwa, da karfasa da tarwaɗa, da masu nutso suna tsinto wani irin kifin kwanso daga ƙarƙashin rairayi. A ɗaya hannun kuma, bayan wani siririn tudun yashi da mutum zai ƙetare da ƙafa kafin ya idar da istigfari ɗari, ga teku tana ruri dare da rana. A tsakaninsu, inda ruwan biyu suke gauraya, Turawa da attajiran Ankara kan zo da ƙananan jirage masu inji suna farautar wani dogon kifi mai haƙora da ake kira barakuda. Na yi wa taubashina bayani, ko da yake bai tambaya ba, cewa gishirin tafkin Songor da ke kusa da nan shi ne a da ake lodawa a jirage a haura da shi kogin har Kete Karachi, inda fataken goro na ƙasarmu suke a wancan zamani, inda kuma Alhaji Umaru, malamin nan wanda asalin gidansu Kabi ne, ya zauna har rasuwarsa a 1934. Da cewa tun da aka gama madatsar Akosombo a 1965, tsohon garin ya nutse cikin tafki, ambaliyar da kan wanke bakin kogin kowace shekara ta yanke, ciyawa ta yawaita, dodon koɗi ya sami gida, cutar tsargiya ta biyo bayansa. Ya saurara har na kai aya, sa'an nan ya ce, "Malam, duk mun ji. Kifi fa?"

Muka fara da ruwan daɗi, bisa shawarata, domin ƙa'ida ce a fara da mai sauƙi kafin mai wuya. Wani dattijon masunci mai jin Hausar zango ya haura da mu kogin cikin kwalekwale, ya miƙo mini fatsa da tana, ni kuwa na karɓa da irin fuskar wanda aka ba shi aikin da ya yi masa kaɗan. Na jefa, ƙugiya ta kama ciyawa. Na sake jefawa, ta kama hular taubashina, wadda na jawo cikin gwaninta ba tare da ta taɓa ruwa ba, amma ba wanda ya yaba. Can wajen la'asar sai na ji nauyi, na ja, sai ga wani kifi ɓul-ɓul, mai santsi, mai ɗige-ɗige, ba ƙaya ba ɓawo, yana dubana da 'yan ƙananan idanu masu nuna tawali'u. Dattijon ya ɗaga murya yana cewa, "Malam, bari! Bari!" Ni kuwa na fahimci maganarsa a kan cewa yana so ya riga ni ɗauka ne, ladan ya zama nasa, saboda haka na kai hannu biyu na rungumi abina.

Ashe minjirya ce, wadda masana suka ce takan saki wutar da ta wuce bolt 300, alhali wadda ke cikin wayar gidajen Gana 230 ce. Ni dai ban sami sukunin aunawa ba, abin da na sani shi ne na yi kalmar shahada da wata murya wadda ban san ina da ita ba, tabarau ya tafi gabas, kifi ya tafi yamma, ni kuma na zauna daɓas cikin ruwan da ya taru a gindin kwalekwale. Taubashina, da dariya ta sake shi, ya ce a ƙasar da mutane ke kukan ɗaukewar wuta, ni baƙo daga zuwa na sami rabona kyauta ba takardar biya. Na amsa masa cewa Kabawa kan gwada ƙarfin kifi da hannu kafin su yanke shawarar ko ya cancanci a kai shi gida, wannan kuwa bai cancanta ba.

Da dare na bincika, na gano cewa a mafi yawan garuruwan gaɓar Gana masunta ba sa shiga teku ran Talata, al'ada ce da suka gada kaka da kakanni. Nan take na bayyana wa jama'a cewa ni teku nake so, kuma ba ni da sarari sai Talata. Aka ba ni haƙuri, na nuna ɓacin rai gwargwadon hali, na kwana da farin ciki. Abin da ban lissafa ba shi ne Laraba tana bin Talata, kuma taubashina mutum ne mai haƙurin jira.

Da asubahin Laraba, bayan na cika cikina da wani tuwon masara mai tsami da suke kira dokunu, da soyayyen kifi da barkono, domin na ji an ce teku ba ta son mai yunwa, muka shiga wani ƙaton jirgi da aka sassaƙa gindinsa daga gungume guda, aka ɗaura masa inji a gefe, muka nufi bakin kogi ta wajen Azizanya. A nan ne ruwan kogi mai fita da raƙuman teku masu shigowa suke karo, jirgi kuwa ya miƙe tsaye har na ga sama a inda nake zaton ganin gaba, sa'an nan ya faɗo har na ji hanjina ya rage a can bisa. A raƙumi na farko na yi bakancen zakara idan Allah ya mai da ni tudu. A na gaba ya zama rago. Kafin mu fita sarari na kai ga bijimi, ni da albashin malamin makaranta. Da muka tsaya aka zuba ƙugiyoyi, jirgin ya shiga wani irin lilo marar ƙarewa, dokunu ya nemi hanyar komawa duniya, na rataya a gefen jirgi na sallame shi, shi da duk abin da ya riga shi shiga tun daga Nima.

Ina cikin wannan hali sai na lura masuntan suna nuna ni suna magana da harshensu na Dangme cikin zumuɗi, har biyu daga cikinsu suka taso suka nufo ni. Duk wanda ya karanta ƙissar Annabi Yunusa, alaihis salam, ya san abin da kan biyo baya idan mutanen jirgi suka fara duban fasinja ɗaya. Na ƙanƙame katako, na shiga gaya musu da Hausa da Larabci cewa ba a yi ƙuri'a ba, kuma hukunci ba ya inganta sai da ita. Ashe kifi ne ya taru jingim a gefen da nake, yana cin sadakar da na zuba, su kuma so suke in matsa kaɗan su jefa ƙugiya. Suka yi ta jawo jajayen kifaye masu faɗi ɗaya bayan ɗaya, kuma duk sa'ad da kamu ya lafa sai su juyo su dube ni da fatan alheri, mai jirgin har yana shafa mini baya.

Da muka sauka na sumbaci yashi, na kuma buɗe muhawara da taubashina a kan wanda ya kama kifin. Hujjata ita ce, malaman fiƙihu sun bambanta tsakanin mai aikata abu da hannunsa da wanda ya zama sababinsa, kuma akwai wuraren da hukunci yake komawa kan mai sababi. Ba don ni ba kuwa da jirgin nan ya dawo da rabin abin da ya samu. Ya ce ya yarda, da sharaɗin idan mun koma zango shi zai bayyana wa jama'a irin tarun da na yi amfani da shi. Muka daidaita a kan cewa za a ce an yi kamu mai albarka, a yi shiru a nan. Game da bijimi kuwa, ina nan ina bin littattafai a kan matsayin bakancen wanda hankalinsa ya gushe, kuma na riga na sami ƙaulin da ya sauko da ni zuwa rago.

Mai jirgin ya ba ni kaso cikakke irin na ma'aikaci, manyan kifaye har da ƙari. Washegari kuma, tun kafin kiran assalatu, sai ga yaronsa yana ƙwanƙwasa ƙofar masaukinmu, ɗauke da ƙunshin dokunu har huɗu da barkono mai yawa, ya ce maigida yana gaida Malam, ya ce a ci a ƙoshi, jirgi na jira. Na karɓa na yi godiya, na sa wa yaron albarka, na ce ya yi gaba ina tafe. Na cinye biyu a tsaye, na ƙulle biyu cikin jaka, na bi ta bayan gida na nufi tashar motar Kase.