Bazazzagi da Motar da Ba Ta Shan Ruwa

Bawana Bazazzagi, labari ya iso Kano cewa ka sayi tsohuwar Porsche 356, har kana yi wa mutane gyara in sun kira sunanta. An ce ranar farko da jarkar ruwa ka fito, ka ɗaga murfin gaba kana neman lagireto, sai ga tankin mai da safaya suna kallonka. Injin yana baya, malam, kuma iska ke sanyaya shi. Da Ferry Porsche ya ƙera ta farko a Gmünd ta Ostiriya a 1948, da kayan Volkswagen ya haɗa ta. Basuwaja ce ta sa babbar riga.

Yanzu wai ba ta tashi sai yaran unguwa sun tura, kana ta tsine wa batir. Bar bawan Allah, da bolt 6 ɗinsa yana iyakar ƙoƙari. Cire murfin distribita ka dubi kontak, 'yan ƙarafan nan biyu masu haɗuwa su rabu. Duk lokacin da suka rabu ne kwayil ke harba wuta zuwa fulogi. Juya injin da hannu har su gama buɗewa, tazarar milimita 0.4 ake so. Da ma'auni ake gwadawa, ba da farcenka ba. Ɗan dunduniyar da ke gogar sandar tsakiya yana cinyewa a hankali, tazarar ta tsuke, wuta ta yi sanyi. Ɗigon giris ya ishe shi, kada ka lafta. In ka ga fuskar kontak ta yi rami da baƙi, tuhumi kwandansa.

Wayoyin fulogi kuwa 1-4-3-2 suke bi. Na san halinku, za ka tuge su gaba ɗaya, sannan ka tsaya kana sosa ƙeya. Ɗaya-ɗaya ake cirewa.

Inda nake ji maka tsoro shi ne tayimin, don taɓa kontak na gusar da shi. In wuta ta yi gaggawar zuwa, injin zai riƙa ƙwanƙwasa, ya ɗau zafi, ba ruwan da zai rage masa, har fistin ya huje. Kada ka daidaita da kunne. Nemi dattijon bakaniken da ya yi zamani da Basuwaja, ka durƙusa ka gaishe shi.

In a Zariya sun ƙare, turo ta Kano. Ka haɗo da kuɗin sharata na bara, ban yafe ba.