Kujerar Alhaji Ta Ƙi Kwanciya

A ƙasar Shinkafi, daga Katuru har ka dangana da Zurmi, akwai alamomin da ake gane mutum ya samu. A da sabon babur ne, aka koma rufin kwano, aka zo kan sola. Yanzu kuwa zamanin kujerar kishingiɗa muke ciki, wadda ake jan ɗan hannu a gefenta, bayanta ya kwanta, gabanta ya ɗaga maka ƙafafu. Edwin Shoemaker da Edward Knabusch ne suka ƙera kakarta a garin Monroe na jihar Michigan a Amurka a 1928, shekara guda kafin jirgin ƙasa ya iso Kaura Namoda. Su don hutawa suka yi abarsu. Mu kuwa don idon baƙi muke sayenta.

Shi ya sa idan Alhaji ya ɗauko gwanjonta daga Kano, ba ya yarda mota ta shigo gari da dare. Sai da hantsi, a saman kaya, ta bi ta bakin kasuwa ko da hanyar gidan ba can take ba. Leda kuwa ba a cire ta har kujerar ta tsufa. Gara zufa ta jiƙa babbar riga da a ce kujera ta daina sheƙi.

Ana nan ranar Alhamis, baƙi suka biyo daga kasuwar Shinkafi. Alhaji ya ja hannun kujera, ya miƙe ƙafafu, ya soma bayanin yadda za a gyara Najeriya. Bai kai ga farashin taki ba sai ji aka yi ƙarau! Kujera ta tashi da shi zaune, kamar almajirin da malam ya kira sunansa yana gyangyaɗi. Hula ta yi gabas, carbi ya yi yamma.

"Subhanallahi! Mi ya hwaru, ranka shi daɗe?"

"Ba komi. Haka aka yi ta, tana tashin mutum in lokacin salla ya matso."

Ƙarfe goma sha ɗaya na safe ke nan.

Kafin la'asar zaure ya cika da masana. Mai walda ya ce a ƙone ta a kwance, a huta. Kafinta ya ce ƙusa huɗu sun isa. Bakaniken babur ya zo da robar tsohon tif. Hajiya daga cikin gida ta aiko cewa kambun baka ne, tun ranar da matar maƙwabci ta ce "wagga kujera ta yi kyau" ba ta ƙara da masha Allah ba. Aka turara habbatus sauda. Kowa ya faɗi nasa a tsaye, hannu a baya, don babba ba ya durƙusawa ya leƙa ƙarƙashin kujera a gaban jama'a.

Alhali maganin yana can ƙasa. Irin waɗannan kujeru da yawa suna da noti mai fukafuki a kowane gefe, tare da sifirin da ke riƙe nauyin mai zama. Idan notin ya kwance ko sifirin ya saki, kujera ba ta tsayawa inda aka ajiye ta. A kife ta, a juya notin kaɗan kaɗan daidai wa daida a gefe biyu, a sauya sifirin in ya miƙe. Wani yaro ɗan Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura ya faɗi haka tun farko. Aka ce ya yi shiru manya na magana, aka aike shi sayen goro.

Da ya dawo ya tarar an yanke shawara: an ɗora ƙafar kujerar a kan turmin Hajiya, an tokare bayanta da bulo biyu, an lulluɓe da darduma kada baƙi su gani. Alhaji ya biya mai walda, ya biya kafinta, ya sallami mai turare. Hajiya kuma tun ranar aron turmi take zuwa yi, gidan matar da ta yi wa kujerar baki.