Wahalar da ta ƙare a kan ɗaya

Duk sanda jarrabawar WAEC ta gabato, ɗakunan lesin na Sabon Gari kan cika da yara masu zufa a kan tambaya guda: a tabbatar cewa hagu daidai yake da dama. Yaro ya cika shafi biyu da sin da cos da tan, biro ya kusa ƙarewa, a ƙarshe ya tarar da 1 = 1. Ko cinikin atamfa a Kantin Kwari, da rantse-rantsensa, ya fi wannan riba.

Uwar dokokin wannan lissafi ita ce sin²θ + cos²θ = 1, wato dokar Fisagoras ce ta sauya riga. Abin takaicin, magini a Fagge da ita yake cin abinci bai ma san sunanta ba. In zai fitar da kusurwar ɗaki, sai ya auna ƙafa 3 nan, ƙafa 4 can, ya ga tsakaninsu ya ba da 5. To, sin² da cos² a nan su ne 9/25 da 16/25, in an haɗa, ɗaya ne cif. Shi a biya shi kuɗin aiki, ɗalibi kuwa ya kwaso F9.

Kada kuma a ɗora wa Bature laifin duka. Abul Wafa al-Buzjani, wanda ya rasu a Bagadaza a 998, yana cikin waɗanda suka tsara ƙa'idar sin(a + b). Da irin wannan lissafi ake gano alƙiblar Kano, kusan digiri 68 daga arewa zuwa gabas. Liman dai cewa yake a daidaita sahu, ba ya tambayar kowa cos.