Irin Mutanen da Ke Hawa Benen Yueyang

A garin Yueyang na lardin Hunan, a gaɓar tafkin Dongting, akwai wani benen katako mai hawa uku, tsayinsa bai cika mita 20 ba, rufinsa rawaya mai siffar kwalkwalin mayaƙan dā. Ginin da ke tsaye yau na 1880 ne. Sunansa kuwa ya fita tun 1046, lokacin da Fan Zhongyan ya yi rubutu a kansa bisa roƙon abokinsa Teng Zijing, wani ma'aikacin sarki da aka rage wa muƙami aka turo nan, ya rasa abin huce takaici sai gyaran bene. Abin da aka fi faɗa shi ne Fan bai taka wurin ba, zane aka aika masa ya duba. Masu zuwa yau sun gaje shi: kowa ya zo, amma ba kowa ne ya zo ganin benen ba.

Tun daga ƙofa za ka ci karo da mahaddaci. Daga 2013 hukumar wurin ta fara yafe kuɗin shiga a lokutan hutu ga duk wanda ya kawo rubutun Fan da ka, haruffa 368, cikin minti biyar. Ai kuwa sai bakin ƙofa ya koma filin musabaƙa. Ga shi can a gindin bishiya, ido rufe, leɓe na motsi, yana tilawar abin da aka ɗura masa a sakandare shekara ashirin da suka wuce. Farkon yakan zo masa tiryan-tiryan, ƙarshen ma haka, don babu ɗan Sin da bai san shi ba. Tsakiyar ce mugun rami, inda ake lissafa ruwan sama da iska da kukan dabbobi. Nan yake cijewa, ya koma baya, ya sake cijewa. Mutum ne da ya biya kuɗin jirgin ƙasa da na masauki bai ce uffan ba, amma yanzu mutuncin gidansu kaf ya rataya a kan tikiti ɗaya. In ya faɗi, laifin mai sauraro ne, wai bai fahimci harshen garinsu ba.

Kusa da shi akwai uban wani mahaddacin. Shi bai riƙe ko layi guda ba, ɗansa ya turo. Yana tsaye a baya yana gyaɗa kai kamar yana biye, yaron na kammalawa ya daga murya, "Ni na koya masa!" Sannan ya lallaɓa ya sayi nasa tikitin.

A ciki kuma gwanin gyara na jiranka. Rubutun Fan an sassaƙa shi a allunan katako da rubutun hannun Zhang Zhao, wani gwanin alƙalami na daular Qing, kuma kwafi biyu ne: ɗaya a hawan ƙasa, ɗaya a na biyu. Labarin da ake bayarwa shi ne wani hakimi ya sa aka yi masa jabu ya kafa, ya loda na ainihi a jirgi zai gudu da shi, jirgin ya kife a Dongting, daga baya masunta suka tsamo allunan. Gwani ya san wannan, kuma ba zai yi barci ba sai kai ma ka sani. Yana laɓe, da ya ga ka ɗaga waya a hawan ƙasa sai ya yi gyaran murya: "Malam, wannan fa jabu ne." Zai raka ka sama, zai nuna maka ginshiƙai huɗu na itacen nanmu, zai ce ba a buga ƙusa ko ɗaya ba. Duk gaskiya ne, shi ya sa ya fi ban haushi.

Ayarin 'yan hula iri ɗaya ba sa daɗewa. Jagora na gaba da tuta da lasifika, suna hawa, suna sauka, mota na jira.

Mai hayar tufafin gargajiya na hanfu ita ce ke daɗewa. Ta juya wa tafkin baya tun isowarta, fuskarta na ga mijinta, wanda ke durƙushe da jakarta a wuya yana ɗaukar hoto na arba'in. Ba laifin rana ba ne, ba na iska ba; hannunsa ne bai iya ba, kuma an gaya masa.

A hawa na uku, inda aka kafa waƙar Du Fu ta shekarar 768 da rubutun hannun Mao Zedong, nan masu ajiyar zuciya ke taruwa. Du Fu ya zo nan tsoho, ba lafiya, ba labarin 'yan uwa. Shi mai ajiyar zuciyar kuwa canjin wurin aiki kawai aka yi masa, ko ƙarin girma ya tsallake shi, amma ya dafa katako ya ƙura wa ruwa ido kamar shi aka kora daga fada. Ni dai ina tausaya masa fiye da sauran, don aƙalla shi ya dubi tafkin.

In dai akwai tafkin. Dongting shi ne na biyu a girma cikin tafkunan ruwan daɗi na Sin, amma da hunturu yakan janye, ya bar laka da ciyawa. Wanda ya zo a wannan lokacin da hoton teku a ransa sai ka gan shi yana leƙe, yana neman tsibirin Junshan cikin hazo, yana tambayar mai gadi ina aka kai ruwan.

Sai tsohuwar da jikokinta suka jawo. Ta dubi matakalar benen mai tsayi, ta ce gwiwarta ba ta yi wa kowa laifi ba. Ta nemi benci kusa da rumfar da ake cewa waliyyin Tao, Lü Dongbin, ya bugu har sau uku, ta buɗe gorar shayinta. Jikan ya sauko yana haki: "Kaka, ba ki ga komai ba!" Ta ce ya tura mata hoton, sannan ta tambaya ko wurin cin kifin da nisa.