Jaki da Ladan Dako

Ga ta nan, ga ta nanku.

Wai an yi wani Jaki da ke yi wa Kura dakon gero daga rumbunanta zuwa kasuwar Dawanau. Shekara uku yana wannan aiki, ladansa tiya ɗaya ta dusa a yini, har bayansa ya yi kanta.

Ran nan abin ya ishe shi. Ya tarar da Kura da tsakar rana tana lissafin asara, ko sallama babu ya wangale baki: "A ƙara mini lada, ko in bar aikin nan!"

Kura ba ta ko ɗaga kai ba. Ta ce, "Ga hanya nan."

Jaki ya fita, ya tsaya a bakin ƙofa, sai ya tuna ba shi da wurin zuwa. Kafin la'asar ya dawo kunnuwa a laɓe, ya ɗauki mangalarsa.

Gizo ya ji labari, ya zo ya ce shi dillali ne. Ya karɓi la'adarsa tun kafin a yi ciniki, ya je gaban Kura ya faɗi: "Yanki ya daɗe, Zaki ya taya Jakin nan tiya goma!" Kura ta aiki Hankaka fada ya tambayo. Zaki ya ce shi bai ma san da wani Jaki ba. Aka yi ta yi wa Jaki dariya a kasuwa har mako ya zagayo.

Sai ya nufi wurin Dila, malamin daji. Dila ya gyara zama a kan buzu ya ce, "Ɗana, nawa ake biyan 'yan'uwanka a Dawanau?"

"Allah gafarta malam, ban sani ba."

"Me ke hana Kura barci?"

"Ban sani ba."

"In ta ce a'a, ina za ka?"

Jaki ya yi shiru.

Dila ya ce, "To, cinikin biri a sama kake yi. Je ka nemo amsoshin nan uku, sannan ka buɗe baki."

Jaki ya kwana bakwai yana kasa kunne. Ya ji tiya biyu ake ba kowane jaki. Ya ji Ɓauna na neman mai dako, har ya je suka gaisa. Ya kuma gano ciwon Kura: ta ɓoye gero tun kaka, lokacin da yake araha, don ta sayar da damina in ya yi tsada, amma duk buhun da aka ƙetara rafi da shi sai ya jiƙe ya yi fumfuna. Buhu guda kuwa tiya arba'in ne. Shi kuma Jaki ya san wata hanyar tudu da ruwa ba ya kwanciya.

Ya jira ranar da Kura ta yi ciniki mai kyau, ta ci ta ƙoshi. Ya yi sallama, ya durƙusa, ya tambayi gida da yara. Sannan ya ce, "Uwar ɗakina, buhu nawa ruwa ya ci miki bana?"

Kura ta yi ajiyar zuciya. "Biyar."

"In na kai miki kaya a bushe har ƙarshen damina, tiya uku ta yi yawa?"

"Ɗaya da rabi."

"Albarka," in ji Jaki. Ya ja bakinsa ya tsuke, yana kaɗa ƙuda da wutsiya. Shirun ya yi wa Kura nauyi.

Ta ce, "Na ji an gan ka gidan Ɓauna."

"Gaskiya ne, mun gaisa. Amma na fi son inda na saba."

Kura ta yi lissafi da faratanta. "Biyu, da hutun Juma'a. Amma duk buhun da ya jiƙe, a bakin ladanka."

"Na sallama."

Aka kira Kunkuru ya zama shaida, aka yi fatiha. Da yamma sai ga Gizo yana cewa ai shi ya share hanya, a cika masa la'ada. Jaki ya ce, "Je ka fada, Zaki na riƙe maka da tiya goma."

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera. Ba don Gizo ba da na yi ƙarya.