Daga Kwalkwalawa Zuwa Bakin Teku: Mutanen da Ke Cika Motar Disamba

A ƙarshen Disamba hazo ya rufe Sakkwato, makarantu sun tafi hutu, ma'aikata kuma sun sami ranakun 25 da 26 a ɓagas albarkacin Kirsimeti. A irin wannan lokaci ne akan sami 'yan majalisa ɗaya su haɗa kuɗi, su ɗauki shatar bas, su ce sai bakin teku. Tafiya ce ta kusan kilomita 1,000: Boɗinga, Shagari, Tambuwal, Jega, Koko, Yawuri, Kontagora, Mokwa, a haye Kwara a gadar Jebba, a bi Ilori da Ibadan, sai Ikko. Sabuwar hanyar Sakkwato zuwa Badagry mai kilomita 1,068, wadda tun zamanin mulkin Shagari ake zancenta, a 2024 aka ƙaddamar da aikinta. Kafin a gama ta, tsohuwar hanya ce, da ramukanta da shingayenta, da isasshen lokacin da kowa zai nuna halinsa.

Na farko ba ya ma cikin matafiyan. Mai saƙo ke nan. Ana ɗaure kaya da asuba sai ga shi a kan babur da buhun albasar Gada: "Don Allah a miƙa ma ƙanena, shina nan Agege." Babu lambar waya, babu sunan layi. A ganinsa da an tambayi mai shayin farko za a nuna gidan. Bayansa akwai Gwaggo da jarkarta, tana son a ɗebo mata ruwan teku na magani, kuma a ɗebo daga tsakiya, ban da na bakin gaɓa da kowa ya taka.

Ma'aji ba ya buƙatar dogon bayani. Yana da littafi, yana da biro, kuma lissafinsa bai taɓa fita ba.

Mai kaya ya baro Mabera cikin sanyin asuba, don haka ya ɗauka duk duniya hunturu ake. Bargo biyu, rigar sanyi, hular sanyi, man kaɗanya, risho, tukunya, buta uku. Kafin Ilori ya fara tuɓewa, a Ikko kuwa gumi ke ɗiga daga gemunsa, kilishin da ya ƙunso iskar teku ta sa ya yi laushi. Ana yi masa dariya har sai yunwa ta kama mota tsakanin Kontagora da Mokwa, sannan kowa ya tuna cewa Alhaji mutumin kirki ne.

Kujerar gaba ta Kawu ce, ba a ma tambaya. Kawu ya yi aiki a sakatariyar tarayya ta Ikoyi kafin a mayar da babban birni Abuja a Disambar 1991, kuma a wurinsa Ikko tana nan yadda ya bar ta. Shi ke nuna wa direba hanya, direban da ke bin ta kowane mako. Alkawarinsa tun daga gida shi ne zai kai yara Bar Beach su ga ruwa. Sai an isa ake gaya masa cewa an cike wurin da yashi, an kafa sabon birnin Eko Atlantic a kai. Kawu zai yi shiru, ya dubi benayen, ya ce direba ne ya ɓata hanya. Yarabancinsa gaisuwa ce da tambayar farashi, amma da murya mai ƙarfi yake yin sa. Duk da haka kada a raina shi: shi ne zai shiga Idi-Araba ko Agege ya fito da tsohon abokin da zai ba mutum goma sha biyar masauki da tuwo, har a karɓi buhun albasar nan.

Akwai malamin makaranta da ba zai bari a huta ba sai an ratsa Badagry, don a ga bene na 1845 da wurin da itacen Agia ya tsaya, inda 'yan mishan suka yi bikin Kirsimeti a 1842. Yana bayani, 'yan mota na neman mai kwakwa.

Sai Malam, wanda kowace tafiya ke buƙata. Tun ba a wuce Boɗinga ba ya buɗe babin ƙasaru: tafiyar mil 48 ta isa a rage salla, wanda kuma ya yi niyyar zaman kwana huɗu sai ya cika. Nan gardama za ta tashi, domin ma'aji ya ce kuɗin kwana uku ne, Kawu ya ce ai sai an ga sabuwar shekara. A bakin teku Malam zai yi ta juya waya yana neman alƙibla, ya tarar ta ƙara karkata arewa fiye da yadda aka saba a gida. Shi ne kuma zai sanar da cewa ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi. Gaskiya ya faɗa. Abin da bai faɗa ba sai wanda ya fara kurkurar baki ya gano.

Duk waɗannan 'yan rakiya ne. Gwarzon tafiyar shi ne Sarkin Ruwa.

Ba sarautar gaske ba ce, shi ya naɗa kansa. Yana yaro ya yi wanka a Kwalkwalawa, a hanyar zuwa jami'ar Ɗanfodiyo, da rani, lokacin da ruwan ke tsayawa a ƙugu. A kan wannan ya gina tarihinsa. Daga baya aka ji kakansa na wajen uwa Basarke ne. An kuma ji ya je Argungu ya ga masunta sun afka Matan Fada da gora da homa, sai dai ba ya faɗin cewa daga cikin rumfa ya gani. A Yawuri, da aka hango Kwara, taɓe baki ya yi: "Wanga ai kududdufi na." A gadar Jebba ya roƙi direba ya tsaya ya haye da iyo, su tarbe shi a wancan ƙetaren. Ya san direba ba zai tsaya ba.

Tarkwa Bay, inda masu kwana a tanti da masu hawan igiyar ruwa ke taruwa, ba a zuwanta da mota, sai da kwalekwale mai inji. A nan aka fara samun saɓani, domin mai jirgi ya miƙo masa rigar kariya daga nutsewa. "Ni? Ba yara dai." Mai jirgi ya ce ba riga, ba tafiya. Ya saka ta a kafaɗa ɗaya don kada a ce ya ji tsoro. Da jirgi ya fito fili, wani ƙaton jirgin dakon kaya mai shiga Apapa ya wuce, ruwan da ya taso ya ɗaga kwalekwalen ya sauke. Ba wanda ya ga lokacin da Sarkin Ruwa ya zura ɗaya hannun ya ɗaure duk maɗauran har wuya. An dai ji yana karanta abin da ya sawwaƙa, yana riƙe da benci da hannu biyu.

Da ƙafarsa ta taka yashi sarauta ta dawo. Samarin wurin suna ba da hayar allon hawan igiyar ruwa, suna kuma koyarwa, kuma darasin farko a kan tudu ake yi: ka kwanta rub-da-ciki a kan allo, ka yi tuƙi da hannuwa, ka zabura ka miƙe da ƙafa ɗaya gaba. Sauran suka kwanta suna koyo. Shi ya tsaya da singileti da dogon wando, ya harɗe hannu: "Ni za a koya ma ruwa? Yaro, ana haihuwarka ina cikin Rima." Da aka zo ɗaura masa igiyar allo a idon sawu, ya ce shi ba jakin kai taki ba ne da za a yi wa dabaibayi. Da ƙyar ya yarda.

Ya kutsa ruwa da ƙarfinsa, allo a gabansa a gicciye, daidai yadda aka ce kada a riƙe. Igiyar ruwa ta farko ta ɗauki allon ta maka masa a ƙirji, ta juya shi, aka ga tafin ƙafa biyu a sama. Ya taso yana tari, yashi a kunne, yashi a gemu, hular da ya ƙi cirewa ta kama hanyar Kwatano. Kafin ya gama share ido ta biyu ta iso. Yana zaune a bakin gaɓa yana fitar da ruwa ta hanci, wani yaro da bai fi shekara goma sha biyu ba ya sulalo a tsaye a kan allonsa, ya wuce ta gabansa, har da ɗaga hannu.

Daga nan sai bayani, kuma nan ne gwanintarsa ta gaskiya take. Gishirin ruwan ya yi yawa. Allon da aka ba shi karkatacce ne. Mutanen ruwan nan ba su san shi ba, bai kuwa zo da abin gaisuwa ba. Hujjar da ta fi kowace ita ce ta ƙarshe: ruwan kirki gaba ɗaya yake bi, daga Goronyo ya gangaro ya wuce, wannan kuwa ya zo ya koma, ya zo ya koma, ba a san inda ya dosa ba. Mai koyarwar, yaro mai ladabi, ya ba shi haƙuri, ya ƙara da cewa ai a Disamba ruwan kwance yake, manyan igiyoyin sai da damina. Da bai faɗi wannan ba da ya fi.

Wuri ɗaya ne Sarkin Ruwa ke zama abin tsoro: idan kunya ta sa shi ya nufi buɗaɗɗen teku a bayan duwatsun da suka kare gaɓar, inda ruwa ke ja ciki. In 'yan wurin suka ce kada a shiga, a riƙe shi ko da zai yi fushi. Ban da wannan, a bar shi ya more. A hanyar dawowa labarinsa ke girma: a Ibadan ya miƙe a kan allo na ɗan lokaci. A Kontagora ya hau igiya uku a jere. A Tambuwal Turawa sun tafa masa. Ranar da ya zauna a majalisa a Runjin Sambo, shi ne ya koya wa yaran Ikko.

Dare a tanti yana da nasa mutanen. Mai minshari yana gasa da teku. Mai caji yana yawo da waya a hannu yana leƙa rumfunan mutane. Mai tsoro kuwa bai manta ambaliyar 2010 ba, wadda ta cinye gadar hanyar jami'a, don haka duk igiyar da ta bugi gaɓa sai ya leƙo da tocila ya auna ko ruwan ya matso. Kafin asuba ya ja tantinsa baya har ya kusa shiga na wasu.

Akwai kuma mai tsaron takalma. Ya biya kuɗin mota cif, ya sha wahalar hanya, ya zo har bakin teku, amma ruwa bai wuce idon sawunsa ba. Ya ce dole wani ya kula da kaya. Yana zaune a inuwa tsakanin takalma da wayoyi, yana shan ruwan kwakwa, yana lura da kowa, yana 'yan rubuce-rubuce a takarda. Irinsa ne ke komawa gida su cika shafin mujalla da laifin wasu.

Duk waɗannan ana iya zama da su, har a yi kewarsu in babu su. Wanda ba a iya zama da shi mutum ɗaya ne. Shi ma ba ya shiga ruwa, amma ba takalma yake tsaro ba. Yana kewaya gaɓa da waya a saitin ƙirji, yana yi kamar yana duba saƙo, alhali bidiyon matan mutane yake ɗauka: iyalan da suka fito hutun Kirsimeti, 'yan mata cikin kayan wanka, uwa tana wasa da 'ya'yanta. Yana jawo hoton kusa. Da dare ya tura wa zaurukan WhatsApp na gida, ya rubuta salati da "duniya ta zo ƙarshe" a ƙasa. Ba wanda ya ɗaure shi ya kawo shi. Ya san lokacin biki ne, ya san garin mutane ne masu nasu al'adu, ya ratsa jihohi da kuɗinsa ya zo. In abin ya dame shi, runtse ido aka umarce shi da yi, kuma tanti na nan a buɗe. Da wani baƙo zai tsaya a ƙofar gidan biki a Gawon Nama yana ɗaukar ƙannensa a ɓoye, shi ne zai fara ɗaukar sanda. Ranar da aka kama shi kuma, ba sunansa za a kira ba, za a ce 'yan Arewa ne, a bar Hausawan Agege da Idi-Araba, da samarin da suka yi wa baƙi hidima, da jin kunyar abin da ba su yi ba.

Masu shirya tafiyar bana su ɗauki Kawu, su ɗauki Malam, su ba Sarkin Ruwa kujerar taga. Mai bidiyon nan kuwa a mayar masa da kuɗinsa tun a tasha.